Yadda Yaro Ke Tsintar Harshensa Na Farko, Da Inda Muke Yi Masa Cikas

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mu yi magana da iyaye da kakanni da masu reno a kan yadda yaro ke koyon harshensa na farko. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wasu halaye da ke ƙara yawa, musamman a birane. Akwai gidajen da aka daina yi wa yara Hausa, ana ganin Turanci tun daga goyo shi ne gata. Akwai inda aka bar wa wayar hannu aikin reno. Akwai kuma yaron da zai kai shekara 3 bai haɗa kalma biyu ba, ana cewa nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi. Tushen waɗannan duka ɗaya ne, wato rashin sanin cewa yaro da kansa yake gina harshe, daga maganar da mutane masu rai ke yi da shi suna sauraron amsarsa, kuma aikin ya yi nisa tun kafin a ji kalma ta fito daga bakinsa.

Kunne ne ke fara aiki. A watanni ukun ƙarshe na ciki ɗan tayi yana ji. Kalmomi ba sa isa gare shi sarai, domin ruwa da tsokar ciki suna tace sauti, amma hawa da saukar murya da kiɗan magana suna wucewa. A 1980 masu bincike biyu a Amurka, DeCasper da Fifer, sun ba jarirai 'yan kwana 3 wani kan roba da aka haɗa da na'ura, ta yadda saurin tsotson jariri ke zaɓar muryar da za ta fito. Jariran suka riƙa tsotso ta hanyar da ke kawo muryar uwarsu. A 1988 Jacques Mehler da abokan aikinsa a Faransa sun nuna cewa jariri ɗan kwana 4 yana raba Faransanci da Rashanci. Har kukan jariri yana ɗaukar launin harshen da ya ji a ciki. Kathleen Wermke da tawagarta sun gano a 2009 cewa kukan jariran Faransa ya fi yawan hawa sama, na Jamus kuma ya fi yawan sauka, daidai da yadda manyansu ke magana. A 2016 suka auna jariran al'ummar Nso da ke arewa maso yammacin Kamaru, masu harshe mai karin sauti, suka tarar kukansu ya fi na jariran Jamus yawan hawa da sauka. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Hausa ma da karin sauti take aiki. Kukan yaro da kukar miya, wuyan riga da wuyar aiki, sautin murya ne kawai ya raba su. Garin Kano da garin tuwo kuma tsawon wasali ne. Babu uwar da ke zaunar da ɗanta ta koya masa wannan, kunnensa ne ke kwashewa.

Daga wata 6 zuwa 12 wani babban canji yana faruwa wanda ido ba ya gani. Janet Werker da Richard Tees sun gwada shi a Kanada a 1984. Ana zaunar da jariri a cinyar uwarsa, lasifika tana maimaita sauti ɗaya, da zarar sautin ya canja sai wani ɗan abin wasa a gefe ya yi haske ya motsa. Jariri kan koyi waiwayawa idan ya ji canji. Suka sa wa jariran gidajen Turanci sautukan da babu su a Turanci: nau'i biyu na "t" a Indiyanci, da wasu sautuka biyu masu kama da "ƙ" namu daga wani harshen 'yan asalin yammacin Kanada. 'Yan wata 6 zuwa 8 mafi yawansu sun ji bambancin. 'Yan wata 10 zuwa 12 kaɗan ne suka ji. Wato jariri yana zuwa duniya da kunnen da ke iya raba sautukan kowane harshe, sannan kafin ya cika shekara ƙwaƙwalwarsa ta riƙe waɗanda ke da amfani a gidansu ta saki sauran. Ɗan gidan Hausa yana riƙe bambancin kara da ƙara, bari da ɓari, dauri da ɗauri, sara da tsara. Shi ya sa wanda ya koyi Hausa da girmansa yake fama da ƙofa da ɗaki shekara da shekaru, shi ya sa kuma Bahaushe ke fama da "p" da "f" na Turanci, domin Hausa ba ta raba su ba.

A cikin waɗannan watanni ne kuma yake koyon yanka magana gida-gida. Magana ba ta da tazara tsakanin kalmomi kamar rubutu, a jere take zubowa. Jenny Saffran da abokan aikinta sun nuna a 1996 cewa jarirai 'yan wata 8, bayan sauraron gaɓoɓin ƙirƙira na minti 2 kacal, sun gane waɗanne gaɓoɓi ne ke tafiya tare. Yaron da ke jin "kawo ruwa", "sha ruwa", "ruwa ya ƙare", yana lura cewa "ru" da "wa" ba sa rabuwa, amma abin da ke gabansu da bayansu yana canjawa. Ta haka kalma ke fita daga cikin surutu. Sunansa yana daga cikin na farko da yake ganewa, wajen wata 4 zuwa 5.

To a nan ne maganar waya ta shigo. A 2003 Patricia Kuhl a birnin Seattle ta ɗauki jariran Amurka 'yan wata 9, aka riƙa kawo su zama 12, kowane zama minti 25, cikin kusan mako 4. Wasu an haɗa su da mutum yana yi musu Sinanci ido da ido, yana nuna musu littafi da kayan wasa. Wasu an nuna musu mutanen nan a bidiyo, wasu kuma murya kawai aka sa musu. Waɗanda suka zauna da mutum sun iya raba sautukan Sinanci kusan kamar jariran Taiwan da ke tashi da Sinanci. Na bidiyo da na murya ba su ƙaru da komai ba, daidai suke da waɗanda ba su taɓa jin harshen ba. Dalili shi ne bidiyo ba ya jiran yaro. Ba ya kallon abin da yaro ke kallo, ba ya canja murya idan yaro ya yi murmushi, ba ya tsayawa idan ya kau da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Uwar da ta ga ɗanta yana rera waƙar katun yana ƙirga ɗaya zuwa goma da Turanci takan yi murna, kuma muna fahimtar murnar. Amma a gwada shi da "je ka ɗauko min takalmin Abba a bayan ƙofa". Idan ya tsaya yana kallo, to haddar sauti ya yi, harshe bai zauna ba.

Baki yana biyo bayan kunne da tazara. Jariri sabon haihuwa maƙogwaronsa yana sama, harshensa ya cika baki, ba shi da sararin sarrafa sauti. Wajen wata 2 zuwa 3 yana fara "aaa" da "guu" idan ya ƙoshi. Tsakanin wata 6 da 10 ake jin gwaranci na sosai, baƙi da wasali a jere: "bababa", "dadada", "mamama". Daga wata 9 zuwa 12 yana nuni da yatsa, ya kalli abu ya kalli fuskar uwa ya sake kallon abun. Wannan nuni ya fi muhimmanci fiye da yadda ake ɗaukarsa, domin shi ne karon farko da yaro ke cewa "ga abin da nake nufi, ke ma duba". Sunan da aka faɗa masa a daidai wannan lokaci shi ya fi zama. Kalmar farko tana zuwa wajen shekara 1, wani ya riga, wani ya ɗan makara. Fahimta kullum tana gaban furuci: yaron da ke faɗin kalma 5 yana iya gane fiye da 50. Idan kalmominsa suka kai kusan 50, yawanci tsakanin wata 18 da 24, sai ya fara haɗa biyu: "Mama ruwa", "mota tafi", "ba ni". A al'adarmu wannan lokaci yakan zo daidai da yaye, lokacin da ake kai yaro wajen kaka. Idan ya ɗan yi shiru na 'yan kwanaki saboda canjin wuri ba abin tsoro ba ne, muddin ya dawo da abin da ya iya.

Tsamin bakin da ake ji a wannan shekaru yana da tsari. Yaro kan ce "luwa" ko "yuwa" maimakon ruwa, domin "r" tana buƙatar saurin kan harshe da bai mallaka ba tukuna, ga shi Hausa tana da "r" iri biyu, ta "ruwa" da ta "biyar". Yakan ce "taza" maimakon kaza, domin sautin gaban baki ya fi na baya sauƙi. Yakan yar da gaɓa daga doguwar kalma. Abin lura shi ne kunnensa ya san daidai. Idan babba ya kwaikwaye shi ya ce "luwa", sau da yawa yaron zai ƙi yarda, domin a kunnensa ruwa yake faɗi. Ma'aunin da masu duba maganar yara ke amfani da shi shi ne, baƙon da bai saba da yaro ba ya gane kusan rabin maganarsa a shekara 2, kashi uku cikin huɗu a shekara 3, kusan duka a shekara 4. Haka kuma idan ya kira kowace dabba mai ƙafa huɗu akuya, ko kowane namiji mai gemu Baba, yana gwada iyakar kalmar ne, zai rage ta da kansa idan ya samu tunkiya da jaki.

Nahawu shi ne inda aikin ƙwaƙwalwar yaro ya fi fitowa fili. A 1957 masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya bayyana magana a matsayin ɗabi'ar da ake koya ta hanyar kwaikwayo da lada. A 1959 masanin harshe Noam Chomsky ya mayar masa da martani cewa yara suna faɗin jimlolin da ba su taɓa ji ba, don haka dole akwai wani shiri da aka haife su da shi. Masana irin su Michael Tomasello suna ganin shirin bai keɓanta da nahawu ba, iya gano tsari ne da iya karanta nufin mutane. Har yau ba a rufe wannan muhawara ba, amma ɓangarorin sun haɗu a kan cewa yaro ƙa'ida yake cirowa daga abin da ya ji. Jean Berko ta nuna haka a 1958. Ta zana wata halitta, ta ƙirƙira mata suna, ta nuna wa yara hoton halittar guda biyu ta ce su faɗi jam'insu, suka faɗa daidai da ƙa'idar Turanci duk da cewa ba su taɓa jin kalmar ba.

Ɗan Hausa aikinsa ya fi na ɗan Turanci yawa a nan, domin jam'i a Hausa hanyoyinsa suna da yawa: gida gidaje, hula huluna, kare karnuka, kaza kaji, mota motoci, yaro yara. Ga kuma saniya da ke komawa shanu, ba tare da wata kama ba. Yaron da ya ji motoci da tagogi da hanyoyi da ƙofofi, ranar da ya ce "saniyoyi" ya nuna cewa ya gano ƙa'ida, ya shimfiɗa ta inda ba ta kai ba. Wani lokaci ma yakan fara da faɗin daidai, saboda haddace kalmar ya yi, sannan ya koma kuskure lokacin da ya gano ƙa'idar, daga baya ya dawo daidai. Iyaye sukan ɗauka ya koma baya, alhali gaba ya ci. Haka yake da jinsi: "motana" kafin "motata", "ya zo" ga mace kafin "ta zo". Kuma karin harshen da yake ji shi zai ɗauka, ɗan Sakkwato da Sakkwatanci, ɗan zangon Kumasi da Hausar zango.

Me za a yi da kuskuren? Tsawa da "sake faɗi" ba sa gyara nahawu, sai dai su sa yaro ya rage magana. Abin da ke aiki shi ne a maido masa da maganarsa a gyare, a ƙara mata kaɗan, a ci gaba da hira. Ya ce "luwa zube", a ce "E, ruwa ya zube a tabarma, ɗauko tsumma mu goge." Ya ji "r" daidai, ya ji "ya" da ya bari, ya ji sabbin kalmomi, kuma ba a kunyata shi ba. Tsawon jimlar da ake masa ya ɗara tasa da kalma ɗaya zuwa uku. Bayan an yi tambaya a dakata daƙiƙa 5 ko fiye, domin ƙaramin yaro yana ɗaukar lokaci kafin ya haɗa amsa, kuma manya da yawa suna amsa wa kansu kafin ya buɗe baki. A bi abin da hankalinsa ke kai. Idan yana kallon kaza, maganar kaza ce za ta shiga, ko da uwa ta so ta koya masa sunan cokali.

An daɗe ana yaɗa binciken Hart da Risley na 1995, wanda ya bi gidaje 42 a Amurka ya ƙiyasta cewa kafin shekara 4 'ya'yan masu hali sun ji kalmomi miliyan 30 fiye da 'ya'yan talakawa. An soki wannan lissafi, kuma a ganinmu sukar tana da tushe, domin gidajen kaɗan ne kuma ba a lissafa maganar da yaro ke ji daga sauran mutanen gida ba. Wani bincike na jami'o'in MIT da Harvard a 2018 ya nuna cewa yawan karɓa-karɓar magana tsakanin yaro da babba ya fi yawan kalmomi alaƙa da aikin sashen harshe na ƙwaƙwalwa. A 2020 kuma Marisa Casillas da abokan aikinta sun auna yaran al'ummar Tseltal a kudancin Meziko, inda manya ba su cika yi wa jarirai magana kai tsaye ba, suka tarar yaran suna fara gwaranci da kalmar farko da haɗa kalmomi a kan lokaci. Kada a ɗauki wannan a matsayin izinin yin shiru. Yaran can suna cikin mutane daga safe zuwa dare, magana tana kewaye da su.

Haka gidan gandu yake a wajenmu. Uwa tana iya yin kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, amma ga kaka da ke tsokanarsa da wasan jika, ga gwaggo, ga yayye da ke ɗaukarsa suna yi masa surutu, ga tatsuniya da dare inda ake cewa "ga ta nan ga ta nanku" yara su amsa "ta zo mu ji ta". Gurbin da kunya ta bari wasu sun cike shi. Yanzu amarya da ango suna zaune su kaɗai a gida mai get, miji ya fita tun safe, an riƙe kunyar amma babu kaka babu gwaggo, sai talabijin. Muna roƙon matasan iyaye mata, kunya a gaban surukai tana nan da mutuncinta, amma a ɗaka ku kira ɗanku, ku yi masa hira. Goyo ma haka: yaro a baya yana jin komai amma ba ya ganin fuska. Lokacin shayarwa da wanka da shafa mai da ba da abinci su ne lokutan da fuska ke kallon fuska, kada a ba waya su.

Game da Turanci a gida, ga abin da aka tabbatar. Harshe biyu ba ya rikita yaro kuma ba ya jawo jinkirin magana. Yaran Jos da Yola da Maraɗi suna tashi da harshe biyu ko uku ba tare da wata matsala ba. Idan za a ƙirga kalmomin irin wannan yaro a haɗa na harsunan duka, kuma cakuɗa su a jimla ɗaya ba alamar ruɗewa ba ce, manyansa ma haka suke yi. Inda ake cutar yaro shi ne a hana shi harshen da iyaye suka fi ƙwarewa a kai, a ba shi wanda ba su mallaka ba. Uwar da Hausarta ke da habaici da karin magana da labari, idan ta koma Turancin da ba ta sake da shi ba, abin da ke fita bakinta yakan tsaya a umarni: zo, zauna, bari, yi shiru. An musanya wa yaro tuwo da ruwan zafi. Ya tashi ba Hausa mai zurfi, ba Turanci mai kyau, kuma ba ya iya hira da kakarsa. Harshe na farko mai ƙarfi shi ke ɗaukar na biyu. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara 6 na firamare ana koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun yi kyau a sauran darussa. Idan a gida akwai mai Turanci ko Faransanci ko Larabci mai kyau, ya yi wa yaro, uwa kuma ta yi Hausarta.

Saura abin da ya fi damun mu, wato jinkiri da ake rufewa da sunan nauyin baki. Gaskiya ne wasu yaran suna makara su cim ma 'yan'uwansu, amma babu mai iya sanin wane ne zai cim ma ta hanyar zuba ido. Abu na farko da za a duba shi ne ji. Jariri kurma yana kuka, yana dariya, yana "aaa" kamar kowa a watannin farko, wannan shi ke yaudarar iyaye. Bambancin yana fitowa ne a gwaranci: idan an wuce wata 10 ba a ji "bababa" ko makamancinsa ba, a kai shi a auna. Haka idan ɗan wata 3 ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ɗan shekara 1 ba ya waiwayowa idan an kira sunansa kuma ba ya nuni da yatsa, ko ɗan wata 18 ba shi da kalma ko ɗaya, ko ɗan shekara 2 bai kai kalma 50 ba kuma bai haɗa biyu ba. Yaron da ya iya wasu kalmomi sannan suka ɓace, ko ya daina kallon ido, a kowane shekaru yake, kada a jira, domin yana iya zama larurar da likitoci ke kira otizim ko wata matsalar ƙwaƙwalwa. Tafa hannu a bayan yaro ba gwaji ba ne. Yana iya ganin inuwa ko jin iska, kuma mai raunin ji yana jin tafi amma ba ya jin baƙaƙen magana. Akwai na'urar da ake sa wa a kunnen jariri yana barci, cikin 'yan mintuna ta nuna ko kunnen ciki yana amsawa. Ana samun awon ji a sassan kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a tantance kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya kauce masa, kuma musabbabansa sanannu ne a ƙasarmu: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai, da ciwon kunne mai zubar da mugunya. Jaririn da idonsa ya yi ɗorawa a makon farko asibiti ne wurinsa, ba shanya a rana ko ruwan gulukos ba. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a auna jinsa ko da ya warke sarai. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jentamaisin da ire-irenta suna iya lalata kunnen ciki idan an yi su ba bisa awon likita ba. Kada a ɗiga manja ko ruwan ganye a kunnen da ke zuba. Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura yana iya ɗaukar makonni ba tare da zafi ba, yaro yana ji kamar an toshe masa kunne da auduga, a daidai lokacin da yake tara kalmomi.

Idan an tabbatar yaro kurma ne, yana buƙatar harshe nan take, kuma maganar hannu harshe ce cikakkiya mai nahawunta. A 1991 Laura Petitto ta nuna cewa jarirai kurame da iyayensu ke maganar hannu suna gwaranci da yatsunsu a daidai watannin da masu ji ke yi da baki. A Nikaraguwa, bayan an tara yara kurame a makaranta a birnin Managuwa daga ƙarshen shekarun 1970, yaran da kansu suka ƙirƙiro sabon harshen hannu, ƙananan da suka zo daga baya su ne suka ƙara masa tsarin nahawu. Binciken Elissa Newport kuma ya nuna cewa kuramen da ba su samu harshen hannu ba sai bayan shekara 12 sun kasa kamo waɗanda suka samu tun suna jarirai, ko bayan shekara 30 suna amfani da shi. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun da daɗewa. A haɗa yaro da su da wuri, 'yan gida su ma su koya, ko da an sa masa na'urar ƙara ji.

Abu biyu a taƙaice. Yanke linzamin ƙarƙashin harshe wajen wanzami ba ya kawo magana, domin kalmomi a ƙwaƙwalwa suke, kuma yankan yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Idan fatar tana hana tsotson nono, likita ne zai duba. I'ina kuma takan fara tsakanin shekara 2 da 5, tana taɓa kusan yaro 5 cikin 100, kuma wajen uku cikin huɗu suna rabuwa da ita. Kada a doke shi, kada a ƙarasa masa jimla, kada a bari yayye su kwaikwaye shi. Idan ta wuce wata 6, ko yana matse fuska yana gudun magana, ko akwai mai ita a dangi, a nemi ƙwararre.

Ta hannunka, ya Edita, muna kira ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu da na Jamhuriyar Nijar. Mata da yawa a gida suke haihuwa, don haka awon ji a ɗakin haihuwa kaɗai ba zai kai ga mafi yawan jarirai ba. Dakta Bolajoko Olusanya da abokan aikinta sun gwada yin awon a ɗakunan rigakafi na Legas, ranar da ake kawo jarirai allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, ma'aikatan lafiya na unguwa ne suka riƙe na'urar bayan ɗan horo, kuma aikin ya yiwu. A yi haka a nan. A ranar allurar ƙyanda ta wata 9 kuma, ma'aikaciyar da ke auna nauyin yaro ta ƙara tambaya biyu, ko yana gwaranci, ko yana waiwayowa idan an kira shi, ta rubuta amsar a katinsa, wanda aka samu da shakka a ba shi takardar zuwa awon ji a ranar.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman nazarin harshe da ma'aikatan lafiyar yara,
Kano.